Masu Harkar Biki A Kaduna, Korona Ta Wuce Amma Ba Mu Shirya Wa Ta Gaba Ba

Duk wanda ya zaga garin Kaduna ranar Asabar da yamma zai ce harkar biki ta dawo, kuma da gaskiyarsa, don daga Unguwar Rimi zuwa Malali har ka tsallaka gada ka shiga Barnawa da wuya ka samu hol ɗin da ba a kama ba. Amma ni da nake cikin harkar, hayar kujeru da kanofi nake yi, abin da nake gani shi ne taron ne kawai ya dawo, tsarin da muke aiki da shi kuwa yana nan yadda korona ta same shi a 2020, babu abin da aka gyara. In yau aka wayi gari da wata annobar, Allah ya kiyaye, aka ce kowa ya zauna a gida, wallahi irin faɗuwar da muka yi ita za mu sake yi, ƙila ma ta fi muni tunda yanzu komai ya yi tsada kuma mutane da yawa da bashi suke juya sana'ar.

Bari in fara da faɗin su waye nake nufi, don da an ce masu harkar biki hankalin mutane kan mai hol yake tafiya, sai ka ji ana cewa ai wannan ko shekara ya yi a rufe ba zai kwana da yunwa ba. To shi ɗaya ne cikin mutum nawa? Ka bi biki guda tun daga sa rana har zuwa buɗar kai ka ƙirga hannun da ke ci a ciki. Telan anko da yaran shagonsa, mai lalle, mai kitso, mai kwalliya da mai ɗaura gwaggwaro, mai girki da matan da take ɗauka suna figar kaji da yankan albasa tun kafin kiran assalatu, mai cincin da dubulan da alkaki, mai kek, mai zoɓo da kunun aya, mai dekoreshon, DJ da MC, mai hoto da mai bidiyo, masu kiɗan ƙwarya, maroƙa, mai buga kati da kalanda, direban a-kori-kura da ke kwasar kaya, masu rabon abinci, masu tsaron ƙofa, masu shara bayan an watse. Mafi yawan waɗannan ba albashi gare su ba, a ranar ake sallamarsu. Yaran da ke kafa mana kanofi tun da sanyin safiya suke lodi, su ɗaga ƙarafa su ɗaure tamfol su jera kujeru, su koma gefe su jira har dare ya raba a tashi su sake kwashewa, kuma abin da aka damƙa musu a daren nan shi ne kuɗin koko da ƙosan yara da safe, shi ne cefanen rana. Irin wannan yaron in ka hana taro sati biyu ka riga ka taɓa tukunyar gidansu, balle a ce watanni.

Kuma lokacin da abin ya faɗo shi ya ƙara masa ciwo. An samu mutum na farko mai cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas, kafin wata ya zagayo, ranar 26 ga Maris, gwamnatin Kaduna ta sa dokar hana fita ta awa 24, bayan kwana biyu gwamnan lokacin Nasir El-Rufai da kansa ya sanar ya kamu. Azumin shekarar kuwa wajen ƙarshen Afrilu ya kama, kuma kowa a garin nan ya san makonnin gab da azumi su ne kakar biki, kowane uba so yake ya kai 'yarsa ɗakinta kafin a ga wata, mu ma a makonnin nan muke tara abin da zai riƙe mu har bayan salla. Daidai nan aka rufe gari. Ba a sassauta ba sai a watan Yuni, kuma ko da aka sassauta taron jama'a bai koma yadda yake ba, ba a yi hawan salla a Zazzau ba, maniyyatanmu ba su je Hajji ba a 2020 da 2021 balle a yi walimar dawowar alhazai. Mun fara ɗagowa kenan sai ga zagaye na biyu a watan Disamba, kwamitin shugaban ƙasa na yaƙi da korona ƙarƙashin Boss Mustapha ya fito da matakan rufe wuraren taro da taƙaita biki zuwa mutum 50, a watan da 'yan uwanmu Kirista na Sabon Tasha da Narayi da Kakuri da kudancin jiha suka fi ɗaura aure, watan da ake taron ƙarshen shekara na ofisoshi da makarantu. Kaka biyu a shekara ɗaya muka rasa.

Ni ban taɓa cewa ba a yi daidai ba da aka hana cunkoso, kuma ba na tare da masu cewa cutar ƙarya ce. An rasa rayuka, dattawa da yawa sun tafi, kuma biki irin namu da ake runguma ana musabaha ana cin abinci kafaɗa da kafaɗa wuri ne da cutar numfashi ke samun yadda take so. Rai ya fi sana'a. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne an rufe mu ba tare da an san ko mu nawa ne ba, mu ma kanmu ba mu san adadinmu ba, shi ya sa da aka zo maganar taimako babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa, kuma har yau haka muke.

Rigimar da ta fi cin ran mutane a lokacin ba ma da gwamnati aka yi ta ba, tsakaninmu da masu biki aka yi, kan kuɗin kafin alƙalami. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu mai girkin biki, ta karɓi adibas na bukukuwan da za a yi a satin da aka sa doka, ta shiga kasuwa ta sayo shinkafa da mai da kayan miya, ta sa aka yanka kaji ta cika firiza. Sai aka rufe gari. Wuta ba ta tsayawa, man janareto ya gagara, tana ji tana gani kajin nan suka fara sauya wari, na rabawa ta raba wa maƙwabta na zubarwa ta zubar. Iyayen amare kuma suka ɗaura aure a gida da mutum 'yan kaɗan aka kai yarinya ɗakinta, suka aiko a ba su kuɗinsu tunda ba a ci abincin ba. Ka ce waye bai da gaskiya a nan? Uban amarya shi ma a kulle yake ba ya fita nema, kuɗinsa ne, bai ci ko loma ba. Ita kuma ba cinye kuɗin ta yi ba, ga shi nan ya ruɓe a gabanta. Magana ta kai har gaban mai unguwa, ƙarshe firizar ta sayar ta biya wani ɓangare, zumuncin shekaru ya lalace tsakaninta da gidan da ita ta yi girkin bikin 'ya'yansu na baya. Irin wannan ya faru da masu hol, ya faru da masu dekoreshon da suka riga suka sayo fulawoyi da yadi, ya faru da teloli.

Duk wannan takarda shafi ɗaya za ta rage shi. Mu a nan da baki muke ciniki, a kira ka a waya a ce Alhaji a riƙe mana ranar kaza, a turo kuɗi, shikenan, in ka kawo maganar rubutu sai a ga kamar ba ka yarda da mutum ba ne. To ai Alƙur'ani da kansa ya yi umarni a rubuta bashi, ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Baƙara kan wannan take, don haka babu abin kunya a ciki. Takardar ba sai lauya ya cika ta da Turancin da ba mai ganewa ba, a rubuta da Hausa da Turanci mai sauƙi cewa in hukuma ta hana taro za a ɗaga rana kyauta zuwa watanni kaza, in mai biki ya ce ya fasa gaba ɗaya to abin da aka riga aka kashe kan kayan da ke lalacewa a nuna rasit a raba asarar yadda aka amince tun farko, ragowar a mayar masa cikin wa'adin da aka rubuta. Kowa ya sa hannu, a ɗauki hotonta a tura wa juna ta WhatsApp. In duk masu hol da masu girki na garin nan suka yarda da takarda iri ɗaya babu kwastoman da zai ce ai wane ba ya haka.

Sai dai takarda ba ta biyan kuɗi in babu kuɗin. Nan ne ciwon sana'armu yake, da yawa cikinmu da adibas ɗin bikin wata mai zuwa suke kammala bikin yau, da na bayansa su biya hayar shago, haka abin ke ta juyawa muddin ranaku na shigowa, ranar da suka tsaya sai a ga ashe babu komai a ƙasa. Kuɗin kafin alƙalami amana ne har sai an yi aikin. Na san faɗa ya fi yi sauƙi, musamman ga mai ƙaramin jari, amma ko rabinsa mutum ya saba ajiyewa a wani asusu daban da ba ya taɓawa sai satin bikin, ranar da gari ya rufe yana da abin da zai mayar ya tsira da mutuncinsa, kuma a wannan harkar mutunci shi ne jarin, don kwastoma ɗaya ce ke kawo maka ƙawayenta goma.

Yanzu maganar tallafi. Gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 75 a shirin nan na Survival Fund don ƙananan sana'o'i, ciki har da taimakon biyan albashin ma'aikata na wata uku, da naira 30,000 ga masu sana'ar hannu da direbobi, da rijistar sunan kasuwanci kyauta a hukumar rijistar kamfanoni ta CAC ga mutum 250,000. Babban Banki ya fito da rancen naira biliyan 50 ta bankin NIRSAL. Ministan yaɗa labarai na lokacin Lai Mohammed ya kafa kwamiti ƙarƙashin ɗan wasan barkwancin nan Ali Baba don duba halin da masu harkar nishaɗi suka shiga. Duk an yi. Amma taimakon albashi sai kana da rijistar CAC da BVN da jerin ma'aikatan da kake biya, a cike fom ta intanet. Matar da ke figar kaji a bayan gidan mai girki tana cikin jerin ma'aikatan wa? Yaron kanofi fa? Mai kiɗan ƙwarya wace rijista gare ta? Waɗanda suka fi jin jiki su ne ba su da takarda ko ɗaya da ke nuna suna wannan aikin, sai ya zama wanda ya iya kwamfuta ko ya san wani shi ya samu, su kuma sai labari.

Ana iya zagin gwamnati kan wannan har gobe, kuma tana da nata laifin, amma mu tambayi kanmu, da a ce a lokacin an kira mu an ce ku kawo sunayen mutanenku za a tura musu wani abu, wa zai kawo, daga wane littafi? Direbobin haya suna da ƙungiya mai rijistar mambobi a kowace tasha, 'yan kasuwa suna da shugabanni layi-layi, mu kuwa kowa gashin kansa yake yi, in ma an kafa ƙungiya sai ta ƙare a rigimar waye ciyaman da buga kalanda da zuwa gaisuwa gidan 'yan siyasa. Abin da muke buƙata ba shi da ƙyalƙyali ko kaɗan, littafi ne, sunan mutum, lambar waya, lambar NIN, asusun banki, aikin da yake yi da wanda yake bi. Kuma ba abu ne mai wuya ba don kowane mai hol ya san masu girki da masu dekoreshon da DJ ɗin da ke shigo masa, kowace mai girki ta san matanta, ni na san yarana. A haɗa waɗannan unguwa-unguwa, Tudun Wada da nata, Kawo da nata, Rigasa da nata, Barnawa da nata, a sabunta duk shekara. Wanda ba shi da asusu a raka shi ya buɗe. Ranar da aka je gaban ma'aikatar kasuwanci ko majalisar jiha da littafin nan a hannu, maganar da za a yi daban take da ta wanda ya je da baki kawai yana cewa muna da yawa.

In littafi ya samu sai asusu. Adashe ba baƙon abu ba ne a wurinmu, matan harkar nan da shi suke sayen tukwane da kuloli. Bambancin kawai shi ne wannan ba na kwasa ba ne, na ajiya ne don ranar da aka hana aiki. Kowane biki a cire wani abu kaɗan, ko naira dubu ɗaya ce daga mai hol da mai girki da mai kujeru, a zuba a asusun banki da sai mutum uku sun sa hannu kafin a taɓa, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku, a kuma rubuta tun yanzu cewa in an shiga kulle masu aikin yini ne farkon waɗanda za a ba. Na san abin da wasu za su ce, za a cinye. E ana cinyewa in an bar mutum ɗaya da kuɗi cikin duhu, shi ya sa nake cewa a banki, da sa hannu uku, da alat da ke shiga wayar mambobi. Manyan masu hol kuma su zauna da kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, da muke da su a ƙasar nan su tambaya ko za a iya tsara musu wani abu na soke taro, su je a ƙungiyance don a saurare su. Ko a Ingila da harkar inshora ta yi ƙarfi kamfanoni janyewa suka yi daga ɗaukar asarar korona, sai da gwamnati ta tsaya musu da fam miliyan 750 a 2021 kafin masu shirya manyan taruka suka samu ƙwarin gwiwar sa rana, bayan fam biliyan 1.57 da ta riga ta ware wa harkar al'adu a 2020. Mu ba za mu ga irin wannan kuɗin ba, shi ya sa namu na hannu ya zama dole.

Ita kuma gwamnatin jiha abin da nake roƙonta bai kai tallafi tsada ba. A zauna tun yanzu da babu annoba, ma'aikatar lafiya da masu harkar taro da malamai da fastoci, a rubuta matakai. In cuta ta kai kaza, hol ya ɗauki rabin mutanensa, in ta ƙaru a koma fili da adadi kaza, sai ta yi tsanani sannan a rufe gaba ɗaya, kuma duk watan da aka rufe mutum da umarnin hukuma kar a zo masa da takardar haraji ta wannan watan. Dalilina shi ne abin da idona ya gani, da aka rufe hol ba a daina biki ba, cikin gida ya koma. Mata cike da falo da ɗakuna an rufe ƙofa da taga don kar jami'ai su ji hayaniya, babu takunkumi babu wurin wanke hannu, tsofaffi da jarirai duk a ciki. Masana sun tabbatar korona ta fi yaɗuwa a rufaffen wuri marar iska fiye da fili, to ka ga dokar da aka yi don kare mutane ta tura wasu inda ya fi haɗari. Alhali a lokacin kullen nan gwamnatin Kaduna ta buɗe kasuwannin wucin gadi a filayen makarantu don mutane su yi cefane kusa da gida a ranakun da aka ba da dama, kuma dabara ce mai kyau. Abin da aka iya yi wa tumatir da shinkafa ana iya yi wa ɗaurin aure da wuni, a ware filaye irin Murtala Square da filayen makarantu, a ba da awa biyu, a jera kujeru da tazara, abinci a tekawe, jami'in lafiya a ƙofa. Mai biki ya fita kunya, yaran kanofi sun samu na abinci, hukuma kuma tana ganin abin da ake yi da idonta.

Masu gina hol su ma akwai gyara a wurinsu. Yawancin sababbin da ake yi yanzu kamar akwati suke, babu taga ko ɗaya, an lulluɓe bango da labule, komai ya dogara da AC da dizal. Wanda ke da manyan tagogi da ake iya buɗewa da fili a waje shi zai fara samun izinin aiki in an shiga irin wancan hali, kuma ko babu annoba ya rage kuɗin mai. Sannan ina bokitan nan masu famfo da sabulu da aka jera a ƙofar kowane wurin taro a 2020? Duk sun ɓace, kamar da korona kaɗai ake wanke hannu. Mu da kwalara ke ziyarta da damina, sanƙarau da zafi, ga zazzaɓin Lassa, ga mashaƙo da ya addabi jihohin arewa a 2023 har da tamu. Mai girkin da ke ciyar da mutum ɗari biyar a yini ɗaya, ruwan da take wanke latas da kabeji da shi magana ce ta lafiyar gari guda. Horon kwana ɗaya kan tsaftar abinci da 'yar takardar shaida daga ƙaramar hukuma zai amfane ta ya amfani masu ci, in dai ba a mayar da shi wata hanyar karɓar kuɗi ba.

Akwai masu cewa mafita ita ce a koma intanet, a yi taro ta Zoom. Ga taron ofis da lacca wannan ya yi, taron zuba jari na jiha KADInvest ma ta intanet aka yi shi a 2020 kuma an yi lafiya. Amma ba a kamu ta Zoom, ba a sa lalle ta waya, kuma taron da aka yi ta kwamfuta bai sayi farantin shinkafa ko ɗaya ba, bai ɗauki hayar kujera ko ɗaya ba. Inda na ga amfaninsa shi ne wurin masu bidiyo, waɗanda suka koyi haska biki kai tsaye ta Facebook da Instagram don 'yan uwa na Saudiyya da Ingila da Legas su kalla sun samu ƙarin abin sayarwa, har yau ana neman su. Wannan ƙari ne, ba madadi ba.

Sai masu cewa ai korona alheri ta zo da shi tunda ta nuna ana iya aure ba dina ba almubazzaranci. Ban ƙi maganarsu duka ba, na ga iyayen da suka ji daɗi a ransu don doka ta cire musu nauyin da ba za su iya cewa ba su da hali ba, kuma gaskiya bikinmu ya yi nauyi, kamu daban, wuni daban, dina daban, kowanne da ankonsa. Amma a tuna kuɗin da mai hali ya kashe a biki ba ƙonewa yake ba, hannun talakawa da yawa yake shiga. Abin da ya kamata mu masu sana'ar mu ɗauka a nan shi ne mu daina raina ƙaramin biki. Mai hol ya yi farashin mutum hamsin na awa uku da rana, mai girki ta yi na kula biyu, mai kwalliya ta yi na zuwa gida, don ranar da doka ta ce mutum 50 wanda ya saba da ƙaramin aiki shi zai ci gaba da motsi, wanda bai san komai ba sai taron mutum dubu shi zai zauna. Haka waɗanda suka fi saurin miƙewa a lokacin su ne masu wata ƙofar, masu girkin da suka koma sayar da abinci ta WhatsApp ana kai wa gida, telolin da suka koma ɗinka takunkumi. Kowa ya duba kayan aikinsa ya tambayi kansa me za su iya yi in babu biki, tun kafin ranar ta zo.

Kuma kar a ɗauka annoba ce kaɗai ke tsayar da mu. Rigakafi ya iso ƙasar nan a watan Maris 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a watan Mayu 2023, amma tsakanin nan mu a Kaduna mun ga harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022 da ya sa aka dakatar da jirgin har zuwa Disamba, baƙin Abuja suka rage zuwa, wasu ma suka kwashe bikinsu suka kai can. Mun ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 da ya kashe liƙi ya bar makaɗa da maroƙa hannu rabbana, mun ga cire tallafin mai da ya ninka kuɗin ɗaukar kaya da na janareto, ga dokar hana fita da akan sa duk lokacin da gari ya rikice. Kowanne cikin waɗannan littafin nan da asusun nan da takardar nan za su yi aiki a kansa, ba sai an jira wata korona ba.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne cikin azumi, don a watan ne hol ke zama babu kowa kuma yawancinmu muna da sarari. Mai hol ɗaya a arewacin gari da ɗaya a kudanci su ba da wuri, a sa zaman da hantsi don mata su samu zuwa su koma kan girkin buɗa baki, a gayyaci masu girki su zo da matansu, masu haya su zo da yaransu, kar a tsaya kan masu manyan motoci. Kar a yi zaɓen shugabanni a zaman farko, a fara da rubuta sunaye da karanta daftarin takardar kafin alƙalami a ji gyaran kowa, maganar asusu a bar ta sai zama na biyu in an ga fuskokin juna an san da wa ake tafiya.